Ciwon da Ke Jiran Lubabatu Ta Miƙe

A shekara ta biyu bayan Nasara sun ɗauke gwamnansu daga Damagaram sun mayar da shi Yamai, bazara ta zo da zafi mai nauyi, sanƙarau kuma ya shigo tare da ita. A unguwar dukawa, cikin Birni, gidan Liman Sha'ibu yana jingine da ɗaya daga cikin manyan duwatsun nan da suka girmi ganuwa. A gindin dutsen akwai tsohuwar tsamiya wadda inuwarta ta rufe rabin tsakar gida.

Ran wata Alhamis rana ta faɗi kamar yadda ta saba. Kaji suka hau makwancinsu, warin da ke tasowa daga majema ya lafa, ladan ya kira magariba. Hajara, matar Liman, ta sauke tuwo ta rufe shi da faifai. 'Yarsu Lubabatu, wadda ita kaɗai Allah ya bar musu cikin haihuwa shida, ta taso daga shimfiɗa ta yi alwala. Shekararta goma sha biyar, zazzaɓi kuma bai daɗe da sakinta ba. Ta tsaya a kan tabarma ta yi kabbara. Ba ta kai ƙarshen Fatiha ba sai ta kama ƙeyarta da hannu biyu, ta yi ƙara, ta zube.

Hajara ta ruga ta tallafe ta. Da kan yarinyar ya samu ƙasa, ba a jima ba ta buɗe ido ta ce, "Inna, ya tafi."

"To, tashi ki ƙarasa sallarki."

Ta tashi, ta sake kabbara, ciwon ya sake kama ta. Sau uku ana haka. Kafin na ukun matan maƙwabta sun cika tsakar gida, suna salati suna kallon juna. A haka Liman ya shigo daga masallaci ya same su.

Wajibi ne a nan a faɗi abin da Liman ya sani, wanda matarsa ba ta sani ba.

Mako uku kafin wannan rana, lokotoron sojan Faransa, wato likitansu, ya sa an yi shela cewa a kai masa duk wanda wuyansa ya sanƙare. Liman Sha'ibu ya tsaya bayan sallar asuba ya ce wa mutanen unguwa, duk wanda ya kai ɗansa a soka masa allura a gadon baya, to, ya yi shakkar ikon Allah. Cikin masu sauraro akwai Nomau, maƙwabcinsa, mai dakon fatu da jaki daga mahauta zuwa majema. Nomau ya riga ya ɗaura wa jakinsa akumari domin ya kai ɗansa Inusa. Da ya ji maganar Liman sai ya koma gida ya kwance. Kwana huɗu Inusa ya cika, Liman ne kuma ya yi masa salla.

Sa'an nan zazzaɓi ya kama Lubabatu, ta ce wuyanta yana ciwo. Tawakkalin Liman bai wuce kwana ɗaya ba. Da asuba ya ari jakin Nomau, ya ce zai kai ta wurin wani malami a hanyar Tirmini. Ya fita ƙofar gari, ya zagaya bayan ganuwa, ya nufi gidan likita kusa da bariki. Lokotoro ya sa aka lanƙwasa yarinyar, ya zuƙo wani ruwa garau daga ƙasan gadon bayanta, ya duba, ya ce ba sanƙarau ba ne. Mai fassara ya ƙara da cewa ta kwanta a miƙe kwana biyu ba tare da ta ɗaga kai ba, ta kuma sha ruwa da yawa. In ba haka ba, ciwon kai zai same ta, wanda zai zo in ta miƙe, ya tafi in ta kwanta.

Liman ya ji wannan sarai. Amma rana tana ɗagawa, mutane suna ƙaruwa a hanya, shi kuwa rawaninsa sananne ne. Nan take ya ɗora ta a jaki. A bakin unguwa ya sauke ta ya ce ta taka da ƙafarta, domin a ga albarkar rubutu. Kafin su shiga gida ya sa ta rantse da Alƙur'ani ba za ta faɗa wa kowa inda suka je ba, har uwarta.

Saboda haka, da ya tsaya a tsakar gidansa a wannan magariba yana duban 'yarsa a kwance, babu abin da ya ɓoyu gare shi. Matan suna jiran kalmarsa. Cikinsu har da matar Nomau, wadda idonta bai bushe ba. Sai Liman ya ce, "Aljani ne. Kafiri ne, mai ƙin salla. Ba ku ga sai ta tsaya gaban Ubangijinta yake buge ta ba?"

Bai rufe baki ba dutse ya faɗo a tsakiyarsu, kamar dunƙulen hannu, ya kifar da faifan tuwo. Aka duba sama, aka duba katanga. Babu kowa.

Tun daga ranar, duk sanda rana ta faɗi sai duwatsu su fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ba su taɓa samun mutum ba. Suna faɗuwa ne kusa da inda Liman yake, ko yana alwala, ko yana zaune a kan buzunsa. A rana ta uku aka fara jin murya daga cikin tsamiya, tsohuwar murya, a shaƙe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Kalma huɗu kawai take faɗi: "Ba ni ba ne." Masu ji suka ce ai dama aljani maƙaryaci ne. Liman ya sunkuyar da kai.

Magana in ta fita daga bakin liman takan zama doka, har a kan shi kansa. Dattawan unguwa suka zauna a zaurensa suka yanke cewa, tun da aljanin salla yake ƙi, ba za a ba shi abin da yake so ba. Dole a tsayar da yarinyar a kowace salla. Aka sa mata biyu masu ƙarfi suna riƙe ta ta hammata sau biyar a rana, ana yi mata hayaƙin barkono, ana karatu a kanta, ita kuwa tana ihu har muryarta ta dushe. Ta fara amai. Ta ce kunnuwanta suna ƙugi, ta ce tana ganin uwarta biyu. Ta daina karɓar ruwa don tsoron ɗaga kai. Duk lokacin da aka tsayar da ita takan nemi fuskar ubanta da ido. Daga rana ta biyar Liman ya daina shiga, yana zama a zaure da carbi a hannu yana jin ihun ta bayan bango, carbin ba ya motsi.

Sau biyu ya tashi da niyyar ya hana. Sau biyun yana leƙawa waje ya ga Nomau zaune a dakali, ya zo taya shi jimami, sai ya koma ya zauna.

A rana ta tara Nomau ɗin ne ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na rasa nawa, ba na so ka rasa taka. Akwai Goni Bukar a Mirriya. Jakina yana nan." Liman ya yi masa godiya.

Goni Bukar ya iso kashegari bayan la'asar. Tsoho ne Babarbare, siriri, mai ido ɗaya, wanda ya yi karatu a Kukawa, ya kuma yi shekara arba'in yana duba marasa lafiya, na jiki da na iska. Da ya shiga ɗakin ya shaƙi barkono sai ya yi atishawa, ya ce wa matan, "Miya kuke yi da ita? Ku fitar da kaskon nan. Ku ma ku bi shi." Ya bar Hajara da Liman kawai.

Bai fara da karatu ba. Ya sa aka cire matashin kai, aka kwantar da Lubabatu a miƙe, ya zauna nesa kaɗan ya jira har numfashinta ya daidaita.

"Jikata, yanzu yana nan?"

"Ya yi sauƙi, Kaka."

"In ya zo, ina yake kamawa?"

"Ƙeya. Kamar ana jan cikin kaina ƙasa da igiya."

"Da safe kafin ki ɗaga kai fa?"

"Ba na jin komai sai an tashe ni."

Goni ya gyaɗa kai. Ya ce ta ci gaba da kwanciya, ya ɗauko Yasin daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, a kusa da kunnenta. Yarinyar ba ta motsa ba, leɓunanta ma suna bin sa. Sa'an nan ya ce wa Hajara ta zaunar da ita, kada kowa ya ambaci ko harafi ɗaya na Alƙur'ani. Ya ɗauki carbinsa yana ja a hankali. Bai cika ɗari biyu ba ta kama ƙeya. Aka kwantar da ita, ya jira, ciwon ya sauka. Ya maimaita haka sau uku, domin shi mutum ne da ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya.

Da ya gama ya juya ga Liman. "Aljanin da ke ƙin salla yana ƙin karatu, a kwance ko a tsaye. Wannan ciwo ba ruwansa da karatu. Tsayuwa yake bi. Ka sani, Liman, ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana zaune ne cikin ruwa, kamar moɗa a randa, ruwan kuma yana gangarawa har gadon baya. In ya sami inda yake yoyo ya ragu, mutum yana miƙewa sai ta nutsa ta ja jijiyoyin da ke riƙe da ita. Na ga haka ga wani da ya faɗo daga giginya a garinmu, ruwa fari yana ɗiga daga hancinsa. Na kuma gani ga sojoji biyu da lokotoro ya zuƙi bayansu. Ta faɗi ne daga wani wuri?"

"Ba ta faɗi ba," in ji Hajara.

"To, 'yata, zan juya baya. Duba mini ƙasan gadon bayanta."

Hajara ta duba. Ta daɗe. Sa'an nan ta ce, "Akwai ɗan tabo, kamar ƙwayar riɗi."

Goni ya dubi Liman da idonsa ɗaya. "Me ya soke ta?"

Liman ya dubi ƙofa. A waje haske yana ja, inuwar dutse ta shigo har bakin ƙofa. Ya ce, "Wataƙila ƙaya ce, a hanyar Tirmini."

Dutse ya faɗo cikin ɗakin, ɗakin da rufinsa ba ko tsaga, ya tsaya a tsakanin ƙafafunsa. Lubabatu ta miƙe zaune ba tare da an taimake ta ba, ba ta kuma kama ƙeya ba. Idonta a buɗe, amma ba ita ke kallo ta cikinsa ba. Muryar tsamiya ta fito daga bakinta.

"Salamu alaikum, Goni."

Hajara ta ja da baya har ta bugi bango. Goni bai motsa ba. "Wa alaikumus salamu, in kai Musulmi ne. Wane ne kai?"

"Maƙwabci ne. Ina cikin tsamiyar nan tun kafin a kafa tubalin gidan. Na yi salla a bayan kakan wannan mutum, na yi a bayan ubansa, na yi shekara ashirin a bayansa. Ban taɓa fasa musu ko ƙoƙo ba. Rana ɗaya ya tsaya gaban mata ya kira ni kafiri mai ƙin salla, ya ɗora mini ciwon da ya san mafarinsa."

"Kai ka sa mata ciwon?"

"Ba ni ba ne. Kai ma ka ƙirga da carbinka ka gani."

"Na gani. Amma yau ka shiga jikin yarinya marar lafiya wadda ba ta yi maka komai ba. Wannan wace shari'a ce ta ba ka?"

Muryar ta yi ƙasa. "Kwana goma ina jifa, ina magana daga reshe, ba wanda ya saurara. Ita an ɗaure mata baki da rantsuwa. Na ga za su kashe ta da sunana. Na san ban kyauta ba."

"To, fita."

"Sai ya wanke ni. Ranar Juma'a, a babban masallaci, gaban gari duka. In ya ƙi, harshenta yana hannuna, ba za ta ƙara magana da muryarta ba."

"Juma'a saura kwana bakwai ba ɗaya," in ji Goni, "jikinta ba zai ɗauke ka har can ba. Kuma a unguwa ya ɓata ka, a unguwa zai wanke ka. Ba a biyan abin da ya fi ɓarna."

"To, yau. A zaurensa. Mai jaki kuma ya kasance a wurin."

Da jin haka Liman ya ɗaga kai a karo na farko. "Goni, ka roƙe shi. Zan yanka rago. Zan yi azumin wata biyu. Zan faɗa wa dattawa a keɓe. Ban da Nomau."

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ragonka ya san inda aka binne Inusa?"

Goni ya ce, "Ni ba ni da abin ƙarawa, Liman. 'Yarka ce, bakinka ne."

Liman ya dubi Hajara. Ba ta tambaye shi komai ba, ta riga ta gane. Kallon da ta yi masa ya fi masa jifan kwana goma ciwo. Ya dubi 'yarsa, ƙasusuwan wuyanta a waje, leɓunanta a fashe, baƙo zaune a cikin idonta. Ladan ya kira magariba. Liman ya tashi ya fita kamar mai ɗauke da kaya.

Bai tafi masallaci ba. Ya aika a ce wa na'ibi ya ja salla, in an idar jama'a su biyo ta zaurensa. Suka zo, dukawa da majema da mahauta, suka cika zauren har waje. Nomau yana bakin ƙofa inda ya saba zama. Liman ya warware rawaninsa a gabansu, ya naɗe shi ya ajiye a ƙasa, ya tsaya da hula kawai. Ya faɗi komai bi da bi, bai rage ba: hanyar bayan ganuwa, allurar, gargaɗin mai fassara, rantsuwar da ya sa yarinya ta yi, da ƙazafin da ya yi wa bawan Allah wanda ba ya gani. Ya ce, "Na hana ku abin da na yi wa kaina. Na san ciwonta tun daren farko, na bari kuna tsayar da ita."

Dattawan da suka yanke hukuncin tsayar da ita suka dubi ƙasa, domin su ma kunyar ta shafe su. Can Nomau ya yi magana, a hankali, kamar mai tambayar hanya.

"A kan jakina ka kai ta?"

"A kansa."

"Akumarin da na kwance ran nan, shi na ɗaura maka."

Ya tashi ya sa takalmansa ya tafi. Bai zagi kowa ba. Liman ya so a ce ya zage shi.

A cikin gida, muryar ta ce wa Goni, "Na ji. Ya wanke ni. Amma ba zan ƙara salla a bayansa ba, ba zan kuma zauna inda na shiga jikin 'yar gida ba. Akwai duwatsu a hanyar Zermu. Ka roƙa mini gafararta in ta farka."

"Alamar fitarka?"

"Ka saurari tsamiya."

Babu iska ko kaɗan a wannan maraice, amma tsamiyar ta girgiza tun daga saiwa, 'ya'yanta busassu suka zubo a tsakar gida kamar ruwan sama. Lubabatu ta sulale. Hajara ta tare kanta ta kwantar da shi a hankali a kan tabarma. Bayan ɗan lokaci yarinyar ta buɗe ido ta ce da muryarta, "Inna, ruwa."

Goni Bukar ya kwana ya ba da umarninsa da safe, a gaban matan unguwa domin kowa ya ji. Ta kwanta a miƙe ba matashi. A ba ta ruwa da kunu da ludayi, kaɗan kaɗan, ba yankewa. Ta tauna goro safe da rana. Kada ta ɗauki ko tulu in ta tashi. Salla kuwa ta yi ta a kwance da ishara, kamar yadda shari'a ta yarje wa marar lafiya. Da ya zo nan ya dubi Liman ya ce, "Wannan babin kai kake karantar da shi." Ya kuma ce in mako biyu ya wuce ciwon bai sake ta ba, ko zazzaɓi ya dawo, a mayar da ita wurin wanda ya yi hujin, da rana tsaka, ta babbar ƙofa.

Ba a kai ga haka ba. A rana ta goma sha ɗaya bayan umarnin Goni, Lubabatu ta zauna, Hajara tana ƙirga da carbi yadda ta ga Goni ya yi. Ta wuce ɗari biyu, ta wuce dubu, ciwon bai zo ba. Duwatsu ba su ƙara faɗowa ba.

Malam Sha'ibu bai sake jan salla ba, ko da yake ba wanda ya tsige shi. Ya koma sahun ƙarshe, kusa da takalma. Nomau yana gaishe shi in sun haɗu, gaisuwar da ba ta wuce kalma biyu. Cikin waɗanda aka kai gidan likita a shekarar, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba, saboda haka ba mai iya cewa da Inusa ya rayu. Su biyun sun san wannan, sun kuma san ba za su taɓa sani ba.

Kafin ruwan farko ya sauka, sanƙarau ya kama ɗan wata bazawara a ƙarshen unguwa. Da hantsi aka yi sallama a ƙofar Malam Sha'ibu. Ya fito ya tarar da Nomau riƙe da igiyar jaki, yaron a kan akumari, uwar tana tallafe da shi, mutane kuma suna tsaye a ƙofofinsu suna kallo.

Nomau bai dube shi ba. Ya ce, "Malam, kai ka san hanya. Wuce gaba."

Malam Sha'ibu ya wuce gaba, kansa ba rawani, ta tsakiyar unguwa.